Bayani A Kan Kaurin Baƙin Mai, Da Wanda Ya Dace Da Kowane Inji

Akwai wata magana da ta yaɗu a tasoshin mota da wuraren kanikawa, daga Kano har Damagaram, daga Sakkwato har Maiduguri, har ta zama kamar hukuncin da ba a tambayar dalilinsa. Maganar kuwa ita ce, wai ƙasashen nan na zafi ne, saboda haka ba abin da ya dace da inji sai baƙin mai mai kauri, wanda in an ɗiga shi tsakanin yatsu biyu aka ja, sai ya yi zare kamar zuma. Wanda ya tsinke kuwa, wai na ƙasashen sanyi ne, in ya zo nan ruwa ya ke zama.

A cikin maganar nan akwai gaskiya, akwai kuma kuskure, kuma rarrabe su ya kamaci duk mai abin hawa. Attajirin da ya zuba jarinsa a babbar mota, da malamin da ya yi shekaru yana tari kafin ya mallaki 'yar ƙaramar motarsa, da saurayin da ya karɓi adaidaita-sahu yana biya kaɗan kaɗan, dukansu dukiyarsu tana rataye ne ga wani ɗan shafe na mai wanda bai kai kaurin gashin kai ba. In shafen nan ya tsaya, inji ya daɗe. In ya yanke, inji ya buga, kaya su kwana a daji, alkawarin kasuwa ya tashi, a koma neman kuɗin gyara.

Fasali na ɗaya: aikin mai a cikin inji

A cikin inji akwai wani babban sandan ƙarfe da kanikawa ke kira karanshaf, yana kwance cikin wasu ɓawo na ƙarfe mai laushi da a ke kira metal. Sa'ad da mota ke gudu a kan hanya, sandan nan ya kan juya wajen sau 3,000 a minti ɗaya, watau sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Fistin kuma suna hawa suna sauka cikin silinda, wuta tana tashi a bisansu. Da ƙarfe zai goga ƙarfe cikin wannan gudu, da ba za a yi minti kaɗan ba sai su narke su manne wa juna.

Abin da ke hana haka an gane shi ne a Ingila a shekarar 1883. Wani injiniya mai suna Beauchamp Tower yana gwajin irin mazaunin da gatarin ƙafafun jirgin ƙasa ke juyawa a ciki, sai ya huda rami a bisansa domin zuba mai. Da sandan ya soma juyawa, sai mai ya riƙa ɓulɓulowa ta ramin. Ya toshe da toto, mai ya ture shi. Ya toshe da itace, shi ma ya ture. Daga nan aka fahimci cewa sanda mai juyawa yana jan mai ya cusa shi ƙarƙashin kansa da ƙarfi, har man ya ɗaga shi, ya zama yana iyo ne bisa mai ba tare da ya taɓa ƙarfe ba. A shekarar 1886 Osborne Reynolds na Mancesta ya fitar da lissafin wannan al'amari, kuma a kan lissafin nan a ke ƙera inji har yau.

Ban da ɗaga ƙarfe, mai yana da wasu ayyuka. Yana kwasar zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kai wa, yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da bangon silinda domin kada ƙarfin wuta ya zurare, yana kuma wanke kunkunniya da daɗɗaɓar ƙarfe ya kai su ga filta. Wannan wankin shi ya sa a ke ce masa baƙin mai, alhali kuwa sabonsa garai ya ke kamar man gyaɗa. Abin lura a nan shi ne, ayyukan nan duka ba su yiwuwa sai man yana gudana. Man da ya tsaya wuri ɗaya, kome kyaunsa, ba ya kwasar zafi, ba ya wanki.

Fasali na biyu: ma'anar kauri

Duk wanda ya taɓa dama tawada ya san mas'alar nan tun kafin ya ga inji. In ƙaro ya yi yawa, tawada ta yi kauri, sai ta maƙale a bakin alƙalami, ta ƙi sauka a kan allo. In ruwa ya yi yawa, sai ta zurare, baƙi ya shiga cikin baƙi, rubutu ya ɓaci. Ba wanda ke cewa tawadar da ta fi kowace kauri ita ta fi kowace kyau. Mai kyau ita ce wadda ta dace da bakin alƙalamin, domin alƙalami mai faɗin baki da mai tsinin baki ba tawada ɗaya su ke so ba.

To, haka baƙin mai ya ke. In ya tsinke fiye da kima, sanda mai nauyi ya matse shi ya fitar, ƙarfe ya sadu da ƙarfe, metal ya cinye. In ya yi kauri fiye da kima, sai ya yi jinkirin isa wuraren da a ke jiransa, ya kasa shiga ƙananan kafofi, inji ya ɓata ƙarfinsa wajen tura shi, zafi ya ƙaru, fetur ya ƙone a banza. Ɓarna tana nan a gefe biyu, amma ta gefen kauri ta fi ɓuya, domin a hankali ta ke ci, ba ta da ƙara.

Wani abu kuma da kowace mai girki ta sani, shi ne kaurin mai ba ya zama a hali ɗaya. Manja da man shanu su kan daskare da safiyar hunturu, a ɗora su a wuta su koma kamar ruwa. Baƙin mai ma haka ne. Saboda haka in an ce mai kaza yana da kauri, tambayar da ke biye ita ce: a wane zafi aka auna shi?

Fasali na uku: karanta lambobin da ke jikin galan

Lambobin nan irin su 20W-50 da 15W-40 da 5W-30 ba sunan kamfani ba ne, ba kuma darajar kyau ba ce. Ma'auni ne da wata ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, wadda a ke taƙaita sunanta da SAE, ta aza. An kafa ƙungiyar a 1905, ta fara fitar da ma'aunin kaurin mai a 1911, kuma ana ta yi masa gyara har zuwa wannan zamani.

Lambar da ke bayan layi, watau 20 ko 30 ko 40 ko 50, ita ke faɗin kaurin man a cikin zafi. Ana auna ta ne a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, zafin da ruwa ke tafasa, da wani awo da a ke kira santistok, wanda ruwan sha ke da kamar 1 a cikinsa. Mai lamba 30 ya kan faɗo tsakanin 9.3 da 12.5, mai lamba 40, tsakanin 12.5 da 16.3, mai lamba 50, tsakanin 16.3 da 21.9. Mai lamba 20 yana ƙasa da 9.3. Ban da wannan, a kan sake gwada man a digiri 150, ana murza shi da ƙarfi kamar yadda metal ke murza shi, domin a tabbata shafensa ba zai yanke ba.

Lambar da ke gaba kuwa, mai harafin W, ita ke faɗin halin man a cikin sanyi. Harafin ya fito ne daga farkon sunan hunturu da Turanci. Mai 20W an gwada shi a digiri 15 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. 15W a 20. 10W a 25. 5W a 30. 0W a 35. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon saurin gudanar man sa'ad da inji ya kwana bai yi aiki ba. Kada mai karatu ya ga sifili a 0W ya zaci ana nufin ba shi da kauri ko kaɗan. Matsayi ne kawai a cikin jerin.

A da can mai lamba ɗaya ya ke da ita, kamar SAE 30 ko SAE 40, har mutanen ƙasashen sanyi su kan zuba wani da hunturu, su juye su zuba wani da bazara. A cikin shekarun 1950 aka fito da mai lamba biyu. Dabarar kuwa ita ce a ɗauki mai marar kauri sosai a zuba masa wani sinadari mai dogayen zarurruka, masu kama da yauƙin kuɓewa. Cikin sanyi zarurrukan nan a dunƙule su ke, ba su hana man gudu; da zafi ya zo sai su ware, su riƙe shi kada ya tsinke da sauri. Ma'anar 15W-40 ke nan: da sanyi yana gudu kamar mai na 15W, da zafi yana tsayawa kamar mai na 40.

Akwai gargaɗi ɗaya a nan. Man giya, irin su 80W-90, ma'auninsa dabam ne. Lambar 90 ta man giya ba ta nufin ya ninka man inji na 50 kauri. Kusan kaurinsu ɗaya ne, amma sinadarinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba a zuba wannan a mazaunin wancan.

Fasali na huɗu: shaidar yatsa da hujjar zafin rana

Yanzu sai a koma ga maganar da ta yaɗu. Mai saye ya kan ɗiga mai a yatsa a bakin shago ya yanke hukunci, alhali a zafin inuwa ya ke taɓa shi, inji kuwa ba a zafin inuwa ya ke aiki ba. Ga lissafin a taƙaice. A digiri 40, kamar tsakar ranar watan Afrilu a Kano, 20W-50 yana wajen santistok 160, 5W-30 wajen 60, 0W-20 wajen 45. Da sun kai digiri 100, sai na farko ya sauko wajen 18, na biyu wajen 10, na uku wajen 8. Ashe man nan na 0W-20, da a ke raina shi a bakin shago a ce ruwa ne, a daidai lokacin da a ke raina shi ya ninka kaurin da 20W-50 ke da shi cikin inji mai zafi fiye da sau biyu. Yatsa ba ta iya shaidar abin da ba ta halarta ba.

Hujjar zafin rana kuma ta rage ƙarfi in aka duba inda zafin inji ke fitowa. Ba daga rana ya ke fitowa ba, daga wutar da ke ci a cikin silinda ne. Injin da ruwa ke sanyaya shi an tsara shi ya zauna kusa da digiri 90 ko ɗan fiye, a Landan ya ke ko a Agadas, domin lagireto da fanka da wata 'yar ƙofa da a ke kira tamostat su ke daidaita zafin. Gaskiya ne zafin gari da nauyin kaya su kan ɗaga zafin man da wasu digirori, amma masu ƙera inji sun sa wannan cikin lissafinsu, domin a Amurka ma akwai hamada, kamar ta Arizona, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, motocin kuwa da man da aka rubuta musu su ke tafiya.

Sa'an nan ƙasar Hausa ba zafi kaɗai ta ke da shi ba. Da asubahin watan Janairu sanyin Kano ya kan sauko wajen digiri 13, na Jos da na hamada ya fi haka. A digiri 15, kaurin 20W-50 ya kan kai kusan santistok 700, na 5W-30 kuwa wajen 200. Ko wanne zai bar inji ya tashi, wannan ba shakka. Amma sa'ad da aka murza makulli, man duk ya kwanta a kaskon da ke ƙasan inji, sai famfo ya tsotso shi ya tura ta filta har zuwa bawul ɗin da ke can sama. A 'yan daƙiƙun nan ƙarfe ke gogar ƙarfe, kuma kullum safiya a ke maimaita su. Man da ya fi saurin isa ya fi rage wannan ci.

A nan ne al'adar cire tamostat ke ƙara ɓarna. Wasu kanikawa su kan cire ta da niyyar taimako, wai don kada inji ya yi zafi. Abin da ke biyowa kuwa shi ne inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, man ya zauna da kauri, raɓa da ɗanyen fetur su taru a cikinsa ba su ƙone ba, har ya zama laka.

Fasali na biyar: injin jiya da injin yau

Kanikawan da suka koyar da zuba mai kauri ba da jahilci suka faɗa ba, da abin da suka gani ne. Sun koyi aiki a kan Peugeot 404 da 504, wadda aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975, da Land Rover, da Bedford, da manyan motocin Mercedes. Injinan nan an ƙera su da sarari tsakanin ƙarfe da ƙarfe, da manyan kafofin mai, kuma mai lamba 40 ko 20W-50 shi ne abincinsu. Wanda ke da irinsu har yau, ya ci gaba da abin da ya sani.

Amma zamani ya juya. Bayan tsadar man fetur ta 1973, Amurka ta yi doka a 1975 wadda ta tilasta wa masu ƙera motoci su rage shan fetur, Japan da ƙasashen Turai su ma suka bi hanyoyinsu. Ɗaya daga cikin dabarun shi ne rage kaurin mai, domin inji ya huta da tura shi. Ribar ba ta da yawa ga mota ɗaya, kamar kashi 1 ko 2 cikin 100 ne, amma ga motoci miliyoyi abu ne babba. Ford da Honda sun koma 5W-20 wajen 2001. Wajen 2010 Toyota da Honda suka mai da yawancin motocinsu na kasuwar Amurka kan 0W-20. A 2013 aka ƙara lamba 16 cikin ma'aunin, har Toyota Camry ta 2018 mai silinda huɗu ta fito da 0W-16 a rubuce.

Ba man kaɗai aka sauya ba, injin ma an sauya shi ya dace da man. An goge ƙarfe ya yi santsi ƙwarai, an tsuke kafofi, an kuma ɗora wa mai wani sabon aiki. A yawancin injinan yanzu akwai na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul gwargwadon gudu, kuma da matsin mai ta ke motsi, ta wasu 'yan hanyoyi masu rariya a bakinsu. Akwai kuma masu tabo, wadda ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti, mai ne kaɗai ke riƙe da sandanta. Motocin nan su ne ke shigowa ta Kwatano da Legas suna cika kasuwanni. In aka ɗura wa injin da aka rubuta masa 0W-20 mai na 20W-50, an yi kamar wanda ya tsoma tsinin alƙalami cikin kunu. Motar za ta tashi, za ta yi tafiya, mai ita ya ce ai ga shi lafiya lau. Sai bayan watanni a fara jin ƙarar sarƙa da safe, fitilar inji ta kama, shan fetur ya ƙaru, a ɗora laifin a kan motocin zamani.

Fasali na shida: inda a ke da sarari

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Kamfani ɗaya ya kan buga littafin mota iri biyu: wanda aka yi domin Amurka ya ambaci lamba ɗaya tak, wanda aka yi domin ƙasashen Larabawa ko Afirka ya kawo jadawali mai lambobi uku ko huɗu, kowace da iyakar zafin garin da ta dace da shi. Wannan ya nuna inji da yawa suna karɓar mai wanda ya ɗara na farko kauri da mataki ɗaya. Direban da ke ɗaukar kaya masu nauyi, yana doguwar tafiya da bazara, in ya tashi daga lamba 20 zuwa 30, ko daga 30 zuwa 40, matuƙar jadawalin littafinsa ya yarda, bai yi laifi ba. Abin da a ke hana shi ne tsallake matakai uku a lokaci guda bisa zato.

Haka kuma injin da ya tsufa, metal ya cinye, sarari ya buɗe, yana shan mai yana fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa. Ƙara masa kauri da mataki ɗaya ya kan rage hayaƙin, ya ɗaga matsin mai, ya ja masa kwana. Amma fa jinkiri ne aka saya, ba magani ba. Ringin da ya cinye sai sabo. Mai sayen tsohuwar mota ma ya lura da wannan, domin a kan cika inji da mai mai kauri ƙwarai a ɓoye ƙararsa har a gama ciniki. Kada kuma allurar matsin mai ta ruɗi kowa. In ta hau sama saboda kauri, tana faɗin wahalar da famfo ke sha ne wajen turawa, ba yawan man da ke isa metal ba.

Manyan motoci masu shan gas, irin su tirela da tifa, galibinsu 15W-40 aka rubuta musu, wanda aka haɗa shi musamman domin ya ɗauki kunkunniyar gas. Babur da adaidaita-sahu kuwa, yawancinsu iska ce ke sanyaya su, ba su da lagireto mai daidaita zafi, saboda haka a wurinsu hujjar zafin gari ta fi ƙarfi, kuma da yawansu 20W-40 ko 20W-50 masu ƙera su suka ambata. Sai dai a yawancin babura kulocin yana cikin man nan tsundum. Man ƙananan motoci na zamani an sa masa sinadarin ƙara santsi, in ya shiga babur sai kuloci ya riƙa zamewa. Mai babur ya nemi galan mai ɗauke da alamar JASO MA, ma'aunin da Japan ta aza domin wannan.

Fasali na bakwai: haruffan daraja da mas'alar algus

Lambar kauri rabin labari ce. Ɗaya rabin yana cikin wasu haruffa da a ke bugawa a bayan galan, na wata cibiyar man fetur ta Amurka da a ke taƙaita sunanta da API. Harafin S na injin fetur ne, C na injin gas, harafi na biyu kuwa gwargwadon nisansa cikin jerin baƙaƙen boko gwargwadon sabuntarsa. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020, SQ a 2025. A na gas, CH-4 ya fito a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, CK-4 a 2016. A injin fetur sabon harafi yana tsaya wa tsoho, amma tsoho ba ya tsaya wa sabo. Na farkon jerin, watau SA, mai ne tsura ba sinadari, kuma cibiyar da kanta ta ce bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba.

Wannan ya kawo magana ga abin da ya fi kuskuren lamba muni. Man inji na gaskiya, daga kashi 10 zuwa 30 cikin 100 nasa sinadarai ne masu wanki, da masu hana tsatsa, da masu hana kumfa, da masu kare ƙarfe in shafe ya yi rauni. Su ne masu tsada. Mai ha'inci sai ya sami ɗanyen mai wanda ba a sa masa kome ba, ko kuwa tsohon da aka juye daga wata mota ya tace, ya ɗura cikin galan mai suna ya liƙe. Irin wannan shi ya fi kowane cin jarrabawar yatsa, domin kauri ba shi da wuyar samarwa. Son kauri ido rufe shi ya buɗe wa masu algus ƙofa. A Nijeriya akwai hukumar kula da ingancin kaya, SON, wadda aka kafa a 1971, man inji yana cikin abin da ta ke sa wa ido. Amma idon hukuma ba ya kai wa kowace rumfa.

Saboda haka nauyi ya komo kan 'yan kasuwa. Mai sayar da mai amana ce a hannunsa, domin mai saye ba ya iya ganin abin da ke cikin galan. Ya sayo daga dillalin da aka sani, ya tambayi mai mota irin injinsa kafin ya miƙa masa kaya, kada ya tura masa abin da ya yi kwantai a shago da sunan duk ɗaya ne. Wanda ya saya kuma, in an juye, ya huda galan ɗin kafin ya yar, kada ta koma kasuwa da wani abu a ciki. Arha ba ta ado: abin da aka rage a kuɗin galan guda ba kome ba ne in an gwada shi da kuɗin sabon inji.

Fasali na takwas: abin da mai mota zai yi

Farkon abu shi ne ya nemi maganar wanda ya ƙera injin. Tana cikin littafin motar, sau da yawa kuma an buga ta a kan murfin da a ke zuba mai. In littafin ya ɓace, da sunan motar da shekararta da girman injinta ana samunsa a intanet, ko wurin dillalan kamfanin. Wanda ba ya karatun boko ya ba ɗansa ko almajirinsa ya karanta masa. Matambayi ba ya ɓata.

In ya sami lambar, ya riƙe ta baya, wadda ke faɗin halin zafi, kada ya sauka ƙasa da ita, kada kuma ya haura sai da izinin jadawali ko larurar tsufan inji. Ta gaba mai W tana da sauƙi: wanda aka rubuta masa 10W-30 ya sami 5W-30, ba kome. In mai ya ragu a tsakiyar hanya ba a sami irinsa ba, ya cika da kowane man inji na gaskiya da ya samu, domin mai wanda lambarsa ta saɓa ya fi babu nesa ba kusa ba, sa'an nan ya juye in ya isa gari.

Ya kuma sani ƙura da tsayuwa cikin cunkoso da gajerun tafiye-tafiye suna tsufar da mai da wuri. Littattafan motoci da yawa sun rage tsawon zangon juye ga mai aiki cikin irin wannan hali, wasu har da rabi, kuma kilomita 5,000 ita ce iyakar da aka saba ambata ga mai na yau da kullum. A sauya filta tare da man, a lura da matatar iska da hunturu, domin yashin da ya shiga inji ba kaurin da ke hana shi ci. Kowace safiya kafin doguwar tafiya a zaro sandar awo a duba, mota tana tsaye a wuri mai daidai; ba a fafe gora ranar tafiya.

Bakaniken da ya daɗe a sana'a yana da ilmin da ba ya cikin littafi, kunnensa yana jin abin da mai mota ba ya ji, girmama shi kuwa wajibi ne. Amma a kan mas'alar kauri, wanda ya auna kafofin injin da hannunsa tun yana takarda shi ya fi cancanta a bi. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a abin hawa.